Shawara da ciwon hanta

Hanta ce ke tace jini, tana kuma samar da ruwan matsarmama da ke taimakawa wajen narkar da kitse.

Idan ta gaza, sinadarin bilirubin kan taru a jini, idanu su koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Wannan alamar ce ake kira shawara.

Binciken gwamnatin Najeriya na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kan yi shekaru bai bayyana ba.

Gwajin jini ne ke gano shi. Tun 2004 ake yi wa jarirai rigakafinsa kyauta, kuma an fi so a yi cikin sa'o'i 24 da haihuwa.