Waɗanda Suka Faɗi: Yadda Ikilisiyar Kartaj Ta Karɓi Masu Dawowa

A farkon shekarar 250, Desiyus, sarkin daular Rum, ya ba da doka cewa kowa ya yi hadaya ga allolin daular a gaban jami'an hukuma. Wanda ya yi, sai a ba shi takardar shaida mai ɗauke da sa hannun jami'an. Har yau muna da irin waɗannan takardu fiye da arba'in da aka tono a Masar. Ga mai bautar gumaka, abin bai wuce bin layi ba. Ga Kirista kuwa, musun Almasihu ne a bainar jama'a.

Idan muna ba da labarin wannan zamani, shahidai muke yawan tunawa, kamar Fabiyan, bishop ɗin Roma, wanda ya rasa ransa a watan Janairu na shekarar. Amma a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, waɗanda suka faɗi suna da yawan gaske. Wasu sun yi hadayar, wasu sun ƙona turare kawai, wasu kuma sun ba da cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun je gaban gunki ba. Shi kansa bishop ɗin birnin, Sifiriyan, ɓuya ya yi, yana tafiyar da ikilisiya ta hanyar wasiƙu, abin da ya jawo masa suka.

Da ƙura ta fara lafawa, sai waɗannan mutane suka dawo bakin ƙofa suna neman a sake karɓarsu a Jibin Ubangiji. Nan ikilisiya ta rabu. A Kartaj, waɗanda suka sha ɗauri ba su yi musu ba sun fara raba wa masu neman dawowa takardun sulhu, wani lokaci takarda ɗaya ga mutum da dukan iyalinsa. Wani dikon mai suna Felisisimus ya jagoranci masu cewa a karɓi kowa nan take. A Roma kuwa, Nobatiyan, malami mai zurfin ilimi, ya ce wanda ya yi ridda sai dai ya jira hukuncin Allah, ikilisiya ba ta da ikon mayar da shi. Ya ƙi amincewa da sabon bishop, Korneliyus, ya kafa tasa jama'ar.

Sifiriyan bai bi ko ɗaya ba. A littafin da ya rubuta a kan waɗanda suka faɗi, ya ɗauki zunubin a matsayin ciwo, shugaban ikilisiya kuma likita. Likitan da ya rufe gyambo bai wanke shi ba, ya cuci majinyaci. Wanda ya kore shi daga ƙofa ma haka. Da ya dawo Kartaj, ya tara bishop-bishop a 251, suka yanke cewa a duba kowane mutum shi kaɗai. Masu sayen takarda a karɓe su bayan tuba. Waɗanda suka yi hadaya su ci gaba da tuba, a karɓe su idan ajali ya kusa. Korneliyus ya goyi bayan wannan matsaya a Roma.

Ba a jima ba, sai aka ji ƙishin-ƙishin wani sabon tsanani a zamanin sarki Gallus. Bishop-bishop ɗin suka sake zama, suka buɗe ƙofa ga duk wanda ya dage a kan tuba. Hujjarsu ita ce, ba za a nemi mutum ya ba da jininsa domin Almasihu ba alhali an hana shi ƙoƙon Almasihu. Wato mayar da mutum ba lada ba ne a kan ƙarfinsa, guzuri ne domin kada ya sake faɗuwa.

Sifiriyan da aka zarga da gudu, an fille kansa ranar 14 ga Satumba, 258, a zamanin sarki Baleriyan. Jama'ar Nobatiyan ta daɗe ɗaruruwan shekaru, amma a 325 taron Nikiya ya gindaya wa limamanta sharaɗi: duk mai son shiga babbar ikilisiya sai ya yarda a rubuce zai yi zumunci da waɗanda suka faɗi suka tuba.

Yawancinmu ba za mu tsaya gaban jami'in Desiyus ba, amma mun san wani ɗan'uwa da ya daina zuwa sujada, kunya kuma ta hana shi dawowa. Kartaj ta bar mana hanya: kada mu ce masa babu abin da ya faru, kada kuma mu ce masa ya makara. Mu tambaye shi abin da ya kayar da shi, mu ba shi lokaci, mu zauna kusa. Bitrus ma sau uku ya yi musun Ubangijinsa, shi ne kuma aka damƙa wa kiwon tumaki.