Jan Ƙarfe Cikin Riga: Yadda Wayar Wuta Ta Shigo Gidaje

In aka datse wayar wuta aka duba bakin yankan, abu biyu ido zai gani: jan ƙarfe a tsakiya, da roba ja ko baƙa da ta lulluɓe shi. Jan ƙarfen tsohon abokin ɗan Adam ne. Lokacin da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takedda, a yankin Agadez ta yau, a 1353, ya tarar ana narkar da shi a cikin gidaje ana zuba shi sanduna, ana sayen nama da itace da gero da sandunan, fatake kuma na kai shi har Gobir da Borno. Rigar da ke jikinsa ita ce ta ba da wahala. Sai da aka shafe fiye da shekaru ɗari biyu ana gwaji, ana asarar dukiya da rayuka, kafin a samu wadda za a binne a bango a kwana kusa da ita da kwanciyar hankali.

Labarin ya faro ne daga wani ɗan marini a Ingila, Stephen Gray. A 1729 shi da abokinsa Granville Wheler suka miƙa doguwar igiya a wani gida a yankin Kent, suna son ganin iya nisan da lantarkin da aka samu ta hanyar goga gilashi zai yi tafiya. Sun rataye igiyar da zaren siliki, lantarkin ya bi ta ya fita can ƙarshe, tafiyar fiye da mita 200. Da zaren silikin ya tsinke saboda nauyi, sai suka musanya shi da siririyar wayar tagulla, nan take abin ya ɓace. Gray ya gane cewa tagullar ce ke janye lantarkin ta kai shi ƙasa, siliki kuwa tare shi yake yi. Daga ranar aka san akwai abubuwan da ke ba wuta hanya, akwai masu hana ta wucewa, kuma duk wayar da ke bangon gida a yau haɗin waɗannan biyun ce.

Bayan masanin kimiyya Volta ya ƙera batir a 1800, aka samu wuta mai gudana ba yankewa, buƙatar rufe waya ta taso gadan-gadan. A birnin Albany na Amurka, Joseph Henry ya riƙa naɗe wayar jan ƙarfe da zare, abin da ya ba shi damar naɗa ta hawa kan hawa a jikin ƙarfe ba tare da wani zagaye ya taɓa wani ba. Maganaɗisun da ya haɗa wa jami'ar Yale a 1831 ya ɗaga nauyin fiye da kilo 900. Amma zare, na siliki ne ko na auduga, yana shan ruwa, da zarar ya jiƙe kuwa ya daina tsare komai.

Tangarahu ne ya tilasta neman mafita, domin ana son waya ta ratsa ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin teku. A 1843 wani likita da ke aiki a Singafo, William Montgomerie, ya aika Landan da samfurin wani ƙaro da mutanen Malaya suka daɗe suna yin ƙotar wuƙa da shi, wanda ake kira gutta-percha. Yana laushi a ruwan zafi, ya taurare in ya huce, ruwan gishiri kuma ba ya cin sa. A 1847 Werner Siemens na Jamus ya ƙera injin da ke matsa ƙaron a jikin waya ba tare da ɗinki ba, a 1851 kuma aka haɗa Ingila da Faransa da waya mai aiki ta ƙarƙashin teku. Dazuzzukan Malaya ne suka biya farashin, domin sare bishiyar ake yi a tatse ta, har ta yi wuyar samu a kewayen Singafo.

A wannan aikin ne aka gano wani abu da har yau yake da muhimmanci ga mai sayen waya a kasuwa. Lokacin da ake shirin shimfiɗa waya tsakanin Turai da Amurka, William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya auna jan ƙarfe daga masana'antu daban-daban a 1857, ya tarar bambancinsu wajen ɗaukar wuta yana da girma ƙwarai, alhali a ido duk ɗaya suke. Ɗan gauraye kaɗan da ido ba ya gani ya isa ya rage ƙarfin waya. Wayar da aka shimfiɗa a 1858 ta mutu bayan makonni uku kacal. Sai a 1866 jirgin Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta ɗore. A tsakanin nan James Elkington ya samo dabarar tace jan ƙarfe da ita kanta wutar lantarki, aka buɗe matatar farko a Pembrey ta yankin Wales a 1869. Daga nan tataccen jan ƙarfe ya wadatu, kuma in ban da azurfa babu ƙarfen da ya fi shi ɗaukar wuta.

Sai dai gutta-percha ta teku ce. A sarari iska da haske suna busar da ita, zafi kuma yana narkar da ita, don haka ba ta dace da gida ba. Ranar 4 ga Satumba 1882, da Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a New York da fitilu kusan 400, sandunan jan ƙarfe ya zura cikin bututun ƙarfe ya cika su da haɗin kwalta. A cikin gidaje kuwa kowa da tasa dabarar. A Amurka ana jan wayoyi biyu nesa da juna a kan ƙusoshin tangaran, iska ce ke raba su. A Birtaniya ana kwantar da su cikin katako mai kwari biyu a rufe da murfi. Wasu ma tsirara suke barin wayar, kamar a gidan Hatfield na Lord Salisbury, inda wani lebura mai aikin lambu ya mutu a 1881 bayan ya taɓa ta.

Gobara ta yawaita, kamfanonin inshora suka ta da murya. A 1882 ƙungiyar injiniyoyin tangarahu ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin wayarin na farko, 'yan shafuka kaɗan, manufarsu kuma hana gobara. Waɗannan ƙa'idojin ne suka yi ta bunƙasa har suka zama kundin BS 7671, wanda bugu na 18 ya fito a 2018. Amurka ta fitar da nata kundin a 1897.

Rigar da ta yi mulkin gidaje na tsawon rabin ƙarni ita ce dafaffiyar roba, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Ana dafa ɗanyar roba da farar wuta don kada ta narke da zafi ko ta sandare da sanyi. To amma farar wutar tana cin jan ƙarfe, shi ya sa ake shafe wayar da kuza kafin a sa mata robar, sannan a saƙa mata zaren auduga a waje. Wanda ya taɓa buɗe silin a tsohon gidan gwamnati na zamanin Turawa zai iya cin karo da irinta, kuma yana taɓa ta robar za ta marmashe a hannunsa kamar busasshen ƙanzo, ta bar ƙarfen a fili. Gidan da har yanzu ke kan irin wannan waya yana bukatar a sake masa wayarin gaba ɗaya, faci ba zai yi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo sauyi. Tun 1872 wani Bajamushe, Eugen Baumann, ya haɗa sinadarin PVC, amma ya zauna ba amfani saboda taurinsa, har sai da Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda za a tausasa shi a 1926. Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, gonakin roba suka kuɓuce wa Birtaniya da Amurka, dole aka koma ga robar da ake haɗawa a masana'anta. Bayan yaƙi PVC ta shiga gidaje, zuwa shekarun 1960 ta kori tsohuwar roba. Ba ta shan ruwa, ba ta saurin kama wuta, tana da araha, kuma tana karɓar kowane launi.

Fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake gani a Kano da Kumasi shi ma ɗan wannan yaƙin ne. A 1942 Birtaniya ta kafa kwamiti don tsara wayarin gidajen da za a gina bayan yaƙi, ga ƙarancin jan ƙarfe. Kwamitin ya zo da shawarar a zagaya waya ɗaya ta bi soket-soket ta dawo inda ta fito, a kuma sa ɗan fis mai ɗaukar amfiya 13 a cikin kowane fulogi don ya tsare wayar na'urar. Mace ɗaya tilo a kwamitin, injiniya Caroline Haslett, ta daɗe tana fafutukar tsaron mata da yara a gida, tsarin da aka fitar a 1947 kuma ya zo da murfi a ramukan soket wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar fulogi ta shiga. Abin takaici ne a ga mutum ya danna murfin nan da tsinken ashana ya cusa tsirarar waya, domin a lokaci guda ya zubar da kariyar fis da ta murfin. Nijar kuwa tsarin Faransa ta gada, mai zagayayyun ƙafafu, shi ya sa fulogin da aka saya a Maraɗi ba ya zama daidai a soket ɗin Katsina.

A Najeriya wutar lantarki ta fara ne a Legas a shekarun 1890. Aka kafa hukumar wutar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, NEPA ta zo a 1972, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Masana'antun waya na cikin gida sun taso tare da wannan, daga Kabelmetal a Legas zuwa Cutix da aka kafa a Nnewi a 1982.

Tambayar da mai gini ya fi yi wa mai wayarin ita ce, me zai hana a yi gidan duka da siririyar waya tunda ta fi araha? Amsar tana cikin abin da James Joule ya gano a farkon shekarun 1840: in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da wayar ke yi ninkawa yake sau huɗu. Shi ya sa aka saba ba fitilu da fanka waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita da kuka ta lantarki kuwa 4 ko 6 gwargwadon jansu. Hita mai wat 3,000 a kan bolt 230 tana jan amfiya 13 ita kaɗai. Aikin bireka shi ne ta yanke wuta kafin waya ta yi zafin da zai lalata rigarta, don haka wanda birekarsa ke yawan faɗuwa ya sauya ta da babba ba tare da ya sauya wayar ba, ya mayar da wayar bangonsa ita ce fis.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. An yi PVC ta gama-gari ne don ta jure zafin digiri 70, jadawalin da ke faɗin yawan wutar da kowace waya za ta ɗauka kuma an gina shi ne a kan yanayi mai digiri 30. In zafin wurin ya kai 40, ƙa'ida ta ce a rage nauyin zuwa kashi 87 cikin ɗari. In ya kai 50, zuwa kashi 71. A watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, zafin inuwa kan haura 40, tsakanin kwano da silin kuwa, inda wayoyi suka fi bi, ya fi haka nesa. Lokacin ne kuma kowa ke kunna fanka da firiji da na'urar sanyi. Wayar da ta isa a Landan tana iya gazawa a nan, kuma mai wayarin da ya san aikinsa yakan ƙara kauri saboda wannan.

Launuka ma suna rikita mutane. Tsohon tsarin Birtaniya, wanda har yanzu ya fi yawa a bangon gidajen Najeriya, ja ce mai wuta, baƙa ce mai mayarwa, kore ko kore da rawaya ita ce ta ƙasa. Birtaniya ta koma ruwan ƙasa da shuɗi a wayarin gini tsakanin 2004 da 2006, kayan da ake shigowa da su kuma da waɗannan launukan suke zuwa. Gida ɗaya kan haɗa duka biyun, don haka testa ce abin dogaro kafin a sa hannu. Wayar ƙasan nan, wadda wasu ke tsallakewa don rage kuɗi, ita ce ke kwashe wutar da ta zubo a jikin firiji ta kai ta ga sandar da aka kafa a ƙasa. Busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta da kyau, shi ya sa masu aikin kan zurfafa ramin su zuba gawayi da gishiri, shi ya sa kuma ake son a ƙara da birekar da ke yanke wuta da zarar yoyon ya kai miliamfiya 30.

Saura batun alminiyam. Yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, amma ba shi da nauyi, kuma a kan turakun wuta yana aikinsa lafiya. Cikin gida ne ya ba da matsala. Amurka ta gwada shi daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, sai aka tarar yana sassautawa a bakin sukurori, yana yin wata fata da ke hana wuta wucewa, mahaɗin ya yi ta zafi a ɓoye har ya kama. Yau ya dawo kasuwanninmu a sake: alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe, ana sayar da shi da sunan na gaske, tare da waya mai rubutun 2.5 a jiki alhali cikinta bai kai ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kan kama irin waɗannan ta lalata, amma ba ta tsaye a kowane shago. Masu sana'ar sukan kankare bakin wayar da wuƙa su ga ko fari zai bayyana a ciki, su ɗaga naɗin su ji nauyinsa, ko su kara sili ɗaya a harshen wuta: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyam kuwa zai lanƙwashe ya zube. Gwajin ba ya cin minti biyu, kuma a shago ya kamata a yi shi, kafin a zura wayar cikin fayif a shafe bangon da siminti.