Kujerar ta wa ce? John Wilkes da rikicin korar ɗan majalisa

A ranar 13 ga Afrilu, 1769, aka ƙirga ƙuri'un mazaɓar Middlesex da ke gefen birnin Landan. John Wilkes ya sami 1,143, abokin takararsa Kanar Henry Luttrell ya sami 296. Bayan kwana biyu, majalisar wakilai ta Birtaniya ta yanke cewa Luttrell ne zai zauna a kujerar. A lokacin Wilkes yana kurkuku, kuma wannan ne karo na uku cikin wata biyu da mutanen Middlesex suka sake zaɓensa bayan majalisa ta raba shi da kujerarsa.

Asalin rigimar ya faro ne shekara shida kafin nan. Wilkes ya shiga majalisa a 1757 yana wakiltar Aylesbury, yana kuma buga wata jarida mai suna The North Briton. A fitowa ta 45, a Afrilun 1763, ya caccaki jawabin da Sarki George na Uku ya yi wa majalisa kan yarjejeniyar sulhu da Faransa. Gwamnati ta kama shi ta tsare, amma Alƙali Charles Pratt ya sake shi bisa hujjar cewa ɗan majalisa yana da kariya daga irin wannan kamu. Da majalisa ta dawo zama a Nuwamba, sai ta ayyana rubutun a matsayin ɓatanci mai tunzura jama'a, ta kuma ce kariyar ba ta shafi wannan laifi ba. Wilkes ya tsere zuwa Faransa, aka kore shi daga majalisa a Janairun 1764, kotu kuma ta same shi da laifi ba ya nan.

Ya kamata a faɗa cewa Wilkes ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai sharholiya, bashi ya yi masa katutu, kuma da hannunsa a wata waƙar batsa da abokan gabarsa suka karanta a zauren majalisar dattawa don su kunyata shi. Masu son korarsa ba su rasa abin kamawa ba. Wannan ne ma ya sa labarinsa yake da amfani, domin ba a kan mutumin kirki ake gwada ƙa'ida ba.

A 1768 ya koma gida, ya ci zaɓen Middlesex, sannan kotu ta ɗaure shi wata 22 tare da tarar fam 1,000. A watan Mayu na shekarar sojoji suka buɗe wuta kan magoya bayansa da suka taru kusa da kurkukun, aka rasa rayuka. Ranar 3 ga Fabrairu, 1769, majalisa ta kore shi. Ranar 16 ga wata mutanensa suka dawo da shi. Washegari majalisa ta yi abin da ya mayar da rigimar mutum ɗaya ta zama ta tsarin mulki: ta ce ba korarsa kaɗai ta yi ba, ya ma rasa cancantar a zaɓe shi a wannan zangon majalisa. Da haka ne ta ɗauki ƙuri'un da aka jefa masa a Afrilu tamkar ba a jefa ba.

Kora daban, hana cancanta daban. Idan majalisa ta kori memba, ta mayar wa masu zaɓe maganar ne su yanke. Idan kuwa ta ce ba su da ikon sake zaɓensa, ta ƙwace alƙalancin daga hannunsu, ta kuma yi wa ƙasa doka ita kaɗai. Masu rinjaye da suka iya yin haka ga mutum ɗaya za su iya rage 'yan adawa ɗaya bayan ɗaya har su zaɓi abokan zamansu da kansu.

Wilkes ya yi haƙuri. A 1774 ya zama magajin garin Landan, Middlesex ta sake zaɓensa, aka bar shi ya zauna. Ya yi ta gabatar da buƙatar a goge ƙudurin 1769 daga kundin majalisa, har aka amince ranar 3 ga Mayu, 1782, bayan shekara 13.

Amurkawa sun bi wannan dambarwa sau da ƙafa. Da suka rubuta tsarin mulkinsu a 1787, sun bai wa kowace majalisa ikon hukunta membobinta, amma bisa shawarar James Madison suka sharɗanta cewa kora sai da kashi biyu cikin uku. Sharaɗin yana da nasa tsada. A Mayun 1856, ɗan majalisar wakilai Preston Brooks ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner duka da sanda a cikin zauren majalisar dattawa, saboda jawabin da ya yi na sukar bauta. Ƙuri'ar korarsa ta tsaya 121 da 95, ba ta kai adadin ba. Brooks ya yi murabus, mazaɓarsa ta dawo da shi. Ashe masu zaɓe ma suna iya ɗaure wa mai laifi gindi.

Duk da haka, darasin Wilkes ne ya yi rinjaye. A Maris na 1967 majalisar wakilan Amurka ta hana Adam Clayton Powell, wakilin unguwar Harlem, kama kujerarsa bisa zargin almubazzaranci da kuɗin kwamiti. Harlem ta sake zaɓensa. A 1969 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisa ba ta da ikon ƙara wani sharaɗi a kan shekaru, zama ɗan ƙasa da mazauni, waɗanda tsarin mulki ya lissafa, kuma hukuncin ya yi dogon nazari a kan shari'ar Wilkes.

A Najeriya makamin da aka fi ɗauka shi ne dakatarwa. A Satumbar 2016 majalisar wakilai ta dakatar da Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji, na kwanakin zama 180 bayan ya yi zargin cushe a kasafin kuɗi. Sashe na 63 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, wato hukuncin ya cinye kusan shekarar zama guda. A Maris na 2017 majalisar dattawa ta dakatar da Ali Ndume na Kudancin Borno wata shida, a 2018 kuma ta dakatar da Ovie Omo-Agege. Babbar kotun tarayya ta soke duka ukun.

Dakatarwa mai tsawo ta fi korar da aka yi wa Wilkes illa ta fuska ɗaya. Kora tana buɗe gurbi a yi sabon zaɓe. Dakatarwa kuwa tana barin kujerar babu kowa, mazaɓar ba ta da murya a muhawarar kasafi, ba ta kuma da damar aiko da wani. Hanyar da tsarin mulki ya tanadar wa jama'a ita ce kiranye a sashe na 69, wanda ke buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista kafin ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye ya mutu tun a matakin tantance sa hannu a 2018.

Majalisa ba za ta yi aiki ba in ba ta iya tsawata wa wanda ya kai duka ko ya ci amanar dukiyar jama'a. Amma duk lokacin da aka kawo rahoton kwamitin ladabtarwa, akwai tambayoyi uku da tarihin nan ya bar mana: shin laifin aiki ne ko magana ce da ta ɓata wa shugabanni rai, an saurari wanda ake zargi, kuma kwana nawa mutanen mazaɓarsa za su yi ba wakili.