Gida, Suna da Gado: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta AFC Wimbledon

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi mutum shekarunsa nawa da haihuwa, amsar ba ta da wuya, domin ranar haihuwa ɗaya ce. Amma idan aka yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta AFC Wimbledon, wadda ke kudu maso yammacin birnin Landan a ƙasar Ingila, irin wannan tambaya, to amsa biyu za a samu. Takardun hukuma sun nuna a shekarar 2002 aka kafa ta, watau yarinya ce ƙarama a ƙasar da galibin manyan ƙungiyoyinta sun haura shekara ɗari. Magoya bayanta kuwa cewa suke tun 1889 suke nan. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin wannan ƙungiya daki-daki, don a ga yadda aka yi amsoshin nan biyu suka samu, sa'an nan a duba wata tambaya da ta fi ƙwallo girma: shin asalin ƙungiya yana hannun wanda ya saye ta da kuɗinsa ne, ko kuwa yana hannun jama'ar da suka reni sunanta?

2.0 Tsohuwar Wimbledon, 1889 zuwa 1991

A shekarar 1889 ne wasu tsofaffin ɗaliban wata makaranta da ke unguwar Wimbledon suka kafa ƙungiyar ƙwallo, suna wasa a makekiyar fegin unguwar. A 1912 ƙungiyar ta samu fili a kan wani titi da ake kira Plough Lane, wanda ya zama gidanta har kusan shekara tamanin. Ta daɗe tana wasa a ƙananan gasanni na 'yan sha'awa waɗanda ba a biyansu albashi, har ta ci kofin irin waɗannan ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya a 1963.

Ƙwallon Ingila hawa-hawa ne kamar tsani. Rukunai huɗu na sama su ne na ƙwararrun da wasan ya zama sana'arsu, a ƙarƙashinsu kuma akwai matakai da dama. Duk ƙungiyar da ta yi zarra a ƙarshen kakar wasa sai ta hau mataki na gaba, wadda ta yi kasa kuwa sai ta gangara. Wimbledon ta shiga rukuni na huɗu a 1977, kuma cikin shekara tara kacal, watau a 1986, sai ga ta a rukuni na ɗaya. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na Kofin FA a filin Wembley, inda ta kara da Liverpool, zakarun ƙasar a wannan shekara. Lawrie Sanchez ya sa ƙwallo da ka, mai tsaron gida Dave Beasant ya tare fenaritin John Aldridge, aka tashi Wimbledon na da ci ɗaya mai ban haushi. Cikin 'yan wasan ranar har da John Fashanu, wanda mahaifinsa mutumin Nijeriya ne. Saboda ƙarfin hali da shiririta da aka san 'yan wasan nan da su, sai aka yi musu laƙabi da Turanci mai ma'anar gungun mahaukata.

Wannan ɗaukaka ba ta hana ƙungiyar rasa gidanta ba. Bayan turmutsitsin da aka yi a filin Hillsborough a 1989, wanda ya zama ajalin mutum 97, hukuma ta wajabta wa manyan ƙungiyoyi su mai da filayensu na zaman kujera zalla. Masu Wimbledon suka ce tsohon filin ba zai gyaru ba, saboda haka a 1991 ƙungiyar ta koma zaman haya a Selhurst Park, filin Crystal Palace. An ce zaman na ɗan lokaci ne, amma daga baya aka sayar da tsohon filin, aka rushe shi, aka gina gidajen kwana a wurin.

3.0 Ƙaura da Rabuwar Kai

Bahaushe kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tun da ƙungiyar ta rabu da unguwarta, sai masu ita suka fara kallonta a matsayin haja wadda za a iya kai wa duk kasuwar da ta fi ci. An taɓa yunƙurin mai da ita birnin Dablin na ƙasar Ailan, abin bai yiwu ba. A 1997 mai ita, Sam Hammam, ya sayar da mafi yawan hannun jarinta ga wasu attajirai biyu 'yan ƙasar Norwe. A 2000 ta faɗo daga rukunin Firimiya, kuɗin shiga suka ragu ƙwarai.

A watan Agusta na 2001 shugaban ƙungiyar, Charles Koppel, ya ba da sanarwar za a mai da ita Milton Keynes, wani sabon gari da gwamnati ta tsara a 1967, mai nisan kimanin mil 56 daga Wimbledon. Hujjar masu ƙaura ita ce ƙungiyar tana tafka asara, ba ta da fili, 'yan kallonta kaɗan ne, alhali ga babban gari can ba shi da ƙungiyar ƙwararru ko ɗaya. Hukumar gasar ta ƙi yarda, domin a al'adar ƙwallon Ingila garin da ke son babbar ƙungiya sai ya reni tasa tun daga ƙasa, ba ya sayen gurbin da wasu suka yi gumi suka samu. Da gardama ta yi tsawo, sai Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta naɗa kwamitin mutum uku. Ranar 28 ga Mayu, 2002, biyu daga cikinsu suka amince da ƙaurar, ɗaya ya ƙi. Daɗin daɗawa, rahoton kwamitin ya bayyana cewa idan magoya baya suka kafa wata sabuwar ƙungiya da sunan Wimbledon, hakan ba zai amfani ƙwallon ƙafa ba. Wannan magana ta yi wa mutanen unguwar ciwo, kuma har yau ba su manta da ita ba.

4.0 Haihuwar AFC Wimbledon

Kwana biyu bayan hukuncin, watau ranar 30 ga Mayu, 2002, wasu magoya baya a ƙarƙashin jagorancin Kris Stewart suka ayyana kafa AFC Wimbledon. Ba su da fili, ba su da 'yan wasa, ba su da gurbi a kowace gasa. A ƙarshen watan Yuni suka yi shela duk mai ganin ya iya taka leda ya zo a gwada shi a fegin nan da aka fara wasa a 1889, mutum fiye da ɗari biyu suka hallara. Wasansu na farko, na sada zumunci da Sutton United, an lallasa su da ci huɗu da nema, amma 'yan kallo sama da dubu huɗu ne suka je. A daidai wannan kaka, tsohuwar ƙungiyar, wadda ke rukuni na biyu, ta yi wasan da mutanen da suka shiga kallo ba su kai dubu ɗaya ba. Jama'a sun riga sun nuna inda zuciyarsu take.

Abu uku sabuwar ƙungiyar ta riƙe don tabbatar da asalinta. Na farko shi ne sunan unguwar. Na biyu launin riga, shuɗi da rawaya, da tambarin gaggafa mai kai biyu wanda aka samo daga tambarin tsohuwar hukumar garin Wimbledon. Na uku, wanda shi ne sabon abu, tsarin mallaka. An danƙa ƙungiyar a hannun wata gamayyar magoya baya mai suna Dons Trust, inda kowane memba ke da ƙuri'a ɗaya, mai kuɗi da talaka daidai. Manufar ita ce kada a sake wayar gari wani mutum guda ya ɗauki ƙungiyar ya yi gaba da ita.

Daga mataki na tara aka ba ta gurbi, tana haya a filin Kingsmeadow. Tsakanin Fabrairu 2003 da Disamba 2004 ta yi wasa 78 a jere a gasa ba a ci ta ba. Ta hau mataki a 2004 da 2005 da 2008 da 2009, sa'an nan ranar 21 ga Mayu, 2011, ta doke Luton Town a bugun fenariti, ta shiga rukuni na huɗu. Shekara tara ke nan da kafa ta, daidai da shekarun da tsohuwar ta yi kafin ta kai rukuni na ɗaya. Ranar 30 ga Mayu, 2016, ranar da ta cika shekara goma sha huɗu, ta ci Plymouth Argyle biyu da nema a Wembley, ta hau rukuni na uku. Adebayo Akinfenwa, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ya ci ƙwallo ta biyu.

5.0 Rigimar Gado da Suna

A ɗaya ɓangaren kuwa, tsohuwar ƙungiyar ta tare a Milton Keynes a watan Satumba na 2003, bayan bashi ya durƙusar da ita. A 2004 Pete Winkelman da abokansa suka saye ta, suka canja mata launi da tambari, suka raɗa mata suna Milton Keynes Dons. Nan ne tambayar gado ta taso. Wa ya ci kofin 1988? A shari'a kamfanin da ya ƙaura shi ne mai kofi, amma mutanen da suka yi murna a ranar suna nan a Landan. Ƙungiyar magoya bayan ƙwallo ta ƙasa ta ƙi karɓar magoya bayan Milton Keynes har sai an warware wannan batu. Aka yi sulhu a 2006, kuma a 2007 aka mai da kofuna da sauran kayan tarihi ga hukumar gundumar Merton, wadda Wimbledon ke cikinta. Milton Keynes Dons ta amince tarihinta daga 2004 ya fara. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe takardu ta koma jaririya, wadda aka kafa jiya kuwa ta zama magajiya.

Abu ɗaya ya rage, shi ne kalmar Dons. Wannan laƙabi an yanko shi ne daga wutsiyar sunan Wimbledon, saboda haka ba shi da wata ma'ana a Milton Keynes. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, kuma mutanen Wimbledon na ganin linzaminsu ne ke bakin dokin wani. A 2017, da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a Kingsmeadow, masu gida suka ƙi rubuta kalmar a allon ci da takardar shirin wasa, har hukumar gasar ta tuhume su. Ga mai nazarin harshe, wannan misali ne na yadda gaɓa ɗaya ta kalma kan ɗauki nauyin tarihin al'umma.

Adalci ne a faɗi cewa ita ma Milton Keynes ta fara tara nata tarihin. Ta buɗe sabon filinta a 2007, ta reni Dele Alli, ta kuma ci Manchester United huɗu da nema a 2014. Yaran da aka haifa a garin bayan ƙaura ba su da laifi a abin da ya faru, kuma ƙaunarsu ga ƙungiyarsu ta gaskiya ce. Haka kuma AFC Wimbledon ba ta kuɓuta daga zargi ba. Domin ta tara kuɗin gina gidanta, ta sayar wa Chelsea filin Kingsmeadow, lamarin da ya sa Kingstonian, ƙungiyar da aka tarar a filin, ta bar shi a 2017. Wanda ya san zafin rashin gida ya zama sanadin rashin gidan wani.

6.0 Komawa Gida

Sabon filin an gina shi ne a kan titin Plough Lane, a inda dā ake tseren karnuka, taku kaɗan daga tsohon wurin, kuma yana ɗaukar mutum dubu tara da 'yan kai. Da kuɗi suka yanke ana tsakiyar gini, aka shiga shawarar ko a sayar wa masu jari wani babban kaso na ƙungiyar. Magoya baya suka gwammace su ranta mata daga aljihunsu, suka tara sama da fam miliyan biyar. Ranar 3 ga Nuwamba, 2020, aka yi wasan farko da Doncaster Rovers, aka tashi kunnen doki, biyu da biyu. Sai dai annobar korona ta hana 'yan kallo shiga, watau mutanen da suka yi shekara ashirin da tara suna jiran wannan rana a talabijin suka gan ta. Ƙungiyar ta faɗo rukuni na huɗu a 2022, ta sake hawa na uku a 2025 bayan ta ci Walsall a Wembley.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa ƙungiyar ƙwallo abu biyu ce a haɗe. Akwai kamfani mai takardu da 'yan wasa da gurbi a gasa, wannan ana iya saye a kuma sayar. Akwai kuma unguwa da suna da labarin da uba ke ba ɗansa a hanyar zuwa kallo, wannan kuwa bai bi motar kaya zuwa Milton Keynes ba. Hukuncin 2002 ya ɗauka na farkon shi ne ƙungiya, yarjejeniyar 2006 ta nuna na biyun ya fi nauyi. Amma wannan zaɓi yana da tsada. Ƙungiyar da jama'a suka mallaka ba ta da attajirin da zai zuba mata dukiya, kuma da wuya ta maimaita abin da aka yi a 1988. Membobinta sun sha muhawara a kan yawan kason da za su saki don a samu kuɗin sayen 'yan wasa. Wadda aka kafa a 2002 ta karɓi gadon 1889, amma ɗorewar gadon nan ya rataya ne ga yadda jikokin waɗanda suka kafa ta za su amsa wannan tambaya idan nasu lokacin ya zo.