Kashin Dabbobi a Lambu: Yadda Ake Amfani da Shi Ba Tare da Ɗaukar Cuta Ba

A karar Dei-Dei da ke Abuja, kashin shanu da na tumaki ba ya yankewa. Masu lambu da masu shuka a buhu a bayan gida suna zuwa ɗiba, da yawa kuma suna zuba shi ɗanye a gindin ganye. Ni a harkar shanu na tashi, shi ya sa nake jan hankalin 'yan'uwa: ɗanyen kashi bai zama taki ba tukuna, sai ya ruɓe.

Haɗarin ɗanyen kashi

Dabba tana iya zama lafiya ƙalau a ido, amma kashinta na ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella masu jawo gudawa da amai, har da ƙwan tsutsar ciki. Idan ruwan ban-ruwa ya fantsama shi kan latas ko kabeji ko karas, waɗanda ake ci ɗanye, shi ke nan, cutar ta kai kwano. A 2006 a Amurka, alayyafon da E. coli ya gurɓata ya kwantar da kusan mutum 200, uku suka mutu. Ban da wannan, ɗanyen kashi yana ƙona saiwar shuka, musamman na kaji, yana kuma kawo irin ciyawa.

Yadda ake ruɓar da shi

A tara shi tsibi guda, nesa da rijiya da magudanar ruwa, a gauraya da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko karan masara. A yayyafa ruwa ya yi damshi kawai, kada ya jiƙe sharkaf, sannan a rufe da tsofaffin buhuna. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi, wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar noman gargajiya ta Amurka ta ce zafin ya kai digiri 55 a ma'aunin Salshiyos na kwana 15, a juya tsibin sau biyar, don na gefe ma ya shiga tsakiya. Idan ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, zafi ya sauka, yana ƙamshin ƙasa, to ya nuna. Yawanci yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, don haka mai shirin noman rani a Nuwamba ya tara nasa tun Agusta.

Idan dole sai ɗanye

A haɗa shi da ƙasa tun kafin shuka. Ƙa'idar nan ta ce a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas, karas da albasa, sai kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kamar masara.

Wanda ba a ɗauka sam

Kashin kare da na kyanwa da bahayar mutum ba su shiga lambu. Haka na dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki. Wannan alamar ciwon saifa ce, wato antiraks, kuma ƙwayarsa tana shekaru a cikin ƙasa ba ta mutu ba. A Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gonar dabbobi a Suleja, nan kusa da mu. Irin wannan dabbar ba a feɗe ta, likitan dabbobi ake kira.

Kariyar jiki

A sa takalmi da safar hannu, domin ƙwayar tetanus tana shiga ta ciwo ko tsagar ƙafa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a hana yara wasa a kan tsibin, a kuma wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a kai kasuwa. Jama'a, abin da muke sayarwa shi iyalanmu ke ci. Allah Ya sa albarka a noma.