Hayaniya

hayā̀niyā̀ sn., mc.; ba jam.

1. Surutun jama'a a haɗe: ~r kasuwa.

2. Rigima: ~ ta kaure.

3. (kimiyya) Motsi marar tsari da ke cuɗanya da sigina: ~r rediyo. ƙarin ~: zuba ta da gangan don a gano sigina mai rauni. Masu cewa ɓarna ce kawai suna da gaskiya game da na'urar da ta kai matuƙar inganci. Amma ga na'urar da ba ta amsawa sai an haye wani mataki, hayaniya daidai gwargwado kan tura siginar ta haye. In ta yi yawa, sai ta binne siginar. Wani masanin kimiyya mai suna Benzi da abokan aikinsa suka bayyana hakan a 1981.

Dang.: mai ~, marar ~.