Lambun Kew da Shukar Tsakar Gidanmu

  Yau ziyara za mu, irin wadda ba sai an nemi izinin maigida ba. Ki gyara zama a tabarmarki, zan kai ki lambun Kew da ke birnin Landan.

Kin san mace ce ta kafa shi? Gimbiya Augusta, mahaifiyar Sarki George na Uku, ita ta fara shi a 1759. Da yake sanyin Ingila yana kashe tsirran ƙasashen zafi, sai aka gina musu wani makeken ɗaki na ƙarfe da gilashi tsakanin 1844 da 1848, ana ɗumama cikinsa. Kina shiga gumi zai karyo miki, kamar a Jega gab da faɗuwar damina. Ga ayaba, ga koko, ga kwakwar manja irin ta kudancin ƙasarmu. Akwai ma wata shuka da aka kawo daga Afirka ta Kudu tun 1775, har yau tana raye a tukunya.

To, amma fa ba don ado kaɗai aka tara su ba. A 1876 an kwaso irin itacen roba kimanin 70,000 daga Barazil zuwa Kew. Waɗanda suka tsiro aka aika da dashensu Silon da Malaya. Cikin shekara arba'in kasuwar robar Barazil ta karye. Kin ga ke nan wanda ya adana iri, ya adana arziki.

Mu ma wannan safarar tsirrai ta taɓa mu. Dogonyaron da muke shan inuwarsa ɗan Indiya ne, a 1928 Turawan mulki suka fara dasa shi a Barno. Haka kuma wani likita mai suna Dalziel ya zaga Arewa yana tara ganyaye yana tambayar sunayensu. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, daga baya ya ci gaba da aikin a Kew.

'Yar uwa, nan ne abin ya dame ni. Baƙo ya rubuta sunayen ya adana, mu kuma kakanninmu da suka san su suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, gatarin masu itace yana bin daji. Yau 'yarki za ta iya bambanta sabara da kalgo? Ta san marke ko maɗaci?

Mu ba mu buƙatar gilashi, Allah ya hore mana rana. Ko kina kulle, ruwan alwala ya isa ya raya zogale da lalle a gefen ɗaki. Ki dasa, ki tambayi tsohuwar gidanku sunaye da amfaninsu, ki koya wa yara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.